Yadda Za Ka Zaɓi Antibairos Na Kyauta Ga Kwamfutarka

Kafin ka sauke komai daga intanet, fara duba abin da ke cikin kwamfutar da ke gabanka. Da yawa daga cikin laftof ɗin da muke saya na hannu ne, kuma kafin su iso gare mu sun bi ta teburin mai gyara, wanda ya yi musu fomatin, ya sa Windows, ya zuba manhajojin da yake ganin kowa na so: Office, na kallon bidiyo, na buɗe PDF, sai antibairos ɗaya ko biyu. Sau da yawa wa'adin ɗayan ya ƙare tun kafin a sayar da na'urar, ɗayan kuma ba na tsare kwamfuta gaba ɗaya ba ne, na duba filash ne kawai. Wani lokaci ma mai gyaran da hannunsa ya kashe kariyar da Windows ta zo da ita, don kada ta goge masa 'yar manhajar satar lasisi da ya yi aiki da ita. Mai kwamfuta yana ganin alamomi biyu a kusa da agogo, hankalinsa kwance, alhali babu abin da ke gadinsa.

Danna Start, ka rubuta Windows Security, ka buɗe, ka shiga inda aka rubuta Virus & threat protection. Abu biyu kake nema a nan: sunan manhajar da ke riƙe da tsaro yanzu, da ranar da ta karɓi sabuntawa ta ƙarshe. Idan sunan Microsoft Defender ne, shiga Manage settings ka tabbata Real-time protection da Tamper Protection duk a kunne suke. Daga nan gangara ƙasa zuwa Exclusions. Wannan shi ne jerin wuraren da aka ce wa antibairos kada ya leƙa. A kwamfutar da ba a taɓa ba, jerin babu komai a cikinsa. Idan ka tarar an sa folda da ba ka sani ba, ko kuma an sa C gaba ɗayansa, cire su nan take. Idan kuwa shafin ya ƙi buɗewa, ko ya ce maka wani mai kula da na'urorin ofis ya taƙaita maka shiga alhali kwamfutar taka ce ta gida, to an kashe kariyar daga tushe. Wannan kwamfutar ba sabon antibairos take buƙata ba. Kwashe fayilolinka, a sake sa Windows daga kwafin da aka sauke a shafin Microsoft.

Dalilin da ya sa na nace a kan ranar sabuntawa shi ne yadda antibairos yake aiki. Hanyarsa ta farko ita ce ya riƙe jerin alamomin bairos da aka riga aka sani, ya kwatanta su da duk fayil ɗin da ya shigo. Ta biyu, ya sa ido a kan halin manhaja: idan wata ta fara sauya ɗaruruwan fayiloli a cikin daƙiƙu, ko tana neman ɓoye kanta a inda Windows ke tashi, ya tsayar da ita ko da bai san sunanta ba. Ta uku, ya aika tambaya zuwa rumbun kamfanin ta intanet a kan fayil ɗin da bai gane ba. Hanya ta farko tana buƙatar a riƙa sabunta jerin, ta uku kuma ba ta yiwuwa sai da intanet. Antibairos ɗin da ya yi wata shida bai sabunta ba kamar maigadi ne da aka ba hotunan ɓarayin bara: yana bakin ƙofa, idonsa biyu, amma wanda zai shigo yau ba ya cikin hotunan. Don haka antibairos mai matsakaicin ƙarfi da ya sabunta jiya ya fi mai babban suna da ya tsaya tun bara.

Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: ga mafi yawan masu Windows 10 da 11, antibairos na kyauta mafi dacewa shi ne wanda ya zo da kwamfutar, wato Microsoft Defender. Na san akwai masu gyara da har yau suke raina shi, kuma rainin yana da asali. Lokacin da ya fito a 2006 manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa. Sai a Windows 8, a 2012, ya zama cikakken antibairos, kuma a shekarun farko yakan zo a ƙasan jeri idan an yi gwaji. Amma wannan labari ya tsufa. Shekaru da dama ke nan yana samun maki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake biyan kuɗi. Ba ya talla, ba ya da wa'adin da zai ƙare, ba ya neman ka buɗe wani asusu, kuma sabuntawarsa tana biyo hanyar Windows Update. Ga wanda ba ya son yawan taɓe-taɓe, uwa ko uba da aka saya wa kwamfuta, ko ɗalibi mai rubuta furojet, waɗannan su ne abubuwan da suka fi muhimmanci.

Ba sai ka yarda da maganata ba, akwai masu gwaji da wannan ne aikinsu. AV-TEST tana birnin Magdeburg a Jamus, AV-Comparatives tana Innsbruck a Austiriya, SE Labs kuma tana Ingila, kuma duk suna buga sakamakonsu kyauta. AV-TEST ce ta fi sauƙin karantawa. Tana ba da maki a fanni uku, kowanne shida, jimilla 18: ƙarfin kariya, nauyin da manhajar ke ɗora wa kwamfuta, da yawan kuskuren da take yi wajen kama fayil mai lafiya ta ce bairos ne. Mutane sukan tsaya a kan na farko, amma manyan sunaye kusan duk makinsu ɗaya a nan. Idan kwamfutarka mai RAM 4GB ce da tsohon hadis, fanni na biyu za ka fi dubawa, domin antibairos mai nauyi zai sa ka gaji ka kashe shi, kuma wanda aka kashe ba ya tsare kowa. Na uku ma haka: wanda ke yawan ihun ƙarya yana koya maka yin biris da gargaɗinsa. Duba gwajin watannin baya-bayan nan, ba na shekaru uku da suka wuce ba, kuma ka duba fiye da zagaye ɗaya.

Shafukan da ke jera maka antibairos goma mafiya kyau na bana, da babban maɓalli a ƙarƙashin kowanne, ka karanta su da hankali. Da yawansu kamasho suke samu idan ka bi ta wajensu ka saya, shi ya sa ba kasafai za ka ga Defender a samansu ba.

Akwai dalilan da za su iya sa ka nemi wani. Wataƙila Defender yana nauyaya maka na'ura lokacin kwafe fayiloli masu yawa. Wataƙila kana son kariyar shafukan damfara da ke aiki a kowace burauza, domin tacewar shafuka ta Microsoft ta fi ƙarfi a Edge. Idan haka ne, sunayen da za ka ci karo da su kaɗan ne. Bitdefender na ƙasar Romaniya yana da na kyauta ga Windows, mai shiru, ba ya da maɓallai da yawa, sai dai dole ka buɗe asusu da imel. Shi nake fara ambata wa wanda ya ce lallai sai ya sa wani. Avast daga birnin Prague, AVG, da Avira na Jamus, su ma suna samun maki mai kyau, kuma sun fi yawan kayan aiki. Amma ka sani cewa zaɓin bai kai yawan da ake gani ba. Avast ya sayi AVG a 2016, injinsu ɗaya ne, launi ne ya bambanta. Kamfanin Norton ya sayi Avira, sannan ya haɗe da Avast a 2022, aka samu Gen Digital. Yau Avast da AVG da Avira da Norton duk 'yan gida ɗaya ne.

Kaspersky na Rasha ya daɗe yana cikin na gaba a gwaje-gwaje. Matsalarsa ta amana ce da siyasa. Hukumar tsaron intanet ta Jamus ta yi gargaɗi a kansa a Maris 2022, sannan a Yuni 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta, sabuntawarsa ta tsaya a can a ƙarshen Satumba na shekarar. Kamfanin ya musanta cewa yana yi wa wata gwamnati aiki. Haramcin na cikin Amurka ne. Amma idan kana aiki da wata ƙungiya ko kamfani na waje, tambaye su kafin ka sa, domin wasu ƙa'idarsu ta hana.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka antibairos kyauta yana biyan injiniyoyi albashi, don haka akwai inda yake mayar da kuɗinsa. Hanya ta farko a fili take: zai riƙa fito maka da saƙo cewa ya gano matsaloli kaza da ke rage saurin kwamfutarka, ko cewa ana iya ganin inda kake, sai ka danna gyara ya kai ka shafin biya. Wannan talla ce, ba bairos aka kama ba, kuma ba sai ka biya ba. Hanya ta biyu ita ce bayananka. A Janairu 2020 binciken da kafofin labaran fasaha Motherboard da PCMag suka yi ya nuna cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar wa kamfanoni bayanan shafukan da masu amfani da antibairos ɗin ke ziyarta. Avast ya rufe reshen a cikin watan, kuma a Fabrairu 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa shi biyan dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Ban kawo wannan don in ce a guji Avast har abada ba. Na kawo shi ne don ka gane girman amanar da kake bayarwa: antibairos yana ganin kowane fayil da kowane shafi, fiye da duk wata manhaja a kwamfutarka. Duk wanda ka zaɓa, lokacin sa shi kada ka yi ta danna Next ido rufe. Zaɓi Custom ko Customize, ka cire alamar da ke kan ƙarin burauza, da manhajar share shara, da VPN na gwaji. Bayan ya zauna, shiga saitin sirri ka kashe raba bayanai da tallace-tallace. Kuma ka lura da bambancin Free da Free Trial. Na biyun na biya ne da aka ba ka aro na kwana 30 ko makamancin haka, wani ma sai ka sa lambar katin banki, ranar da wa'adin ya cika a cire kuɗi.

Inda ka sauke shi yana da muhimmanci kamar wanda ka sauke. Rubuta adireshin kamfanin da hannunka a burauza. Kada ka danna sakamakon farko na Google idan an rubuta Sponsored a kansa, domin 'yan damfara sun sha sayen wannan gurbi da sunan manhajoji sanannu. Kada ka karɓe shi a filash daga wani, ko a zauren WhatsApp ko Telegram. Idan kana cikin shafi sai wani saƙo ya fito da jan launi yana cewa an kama bairos biyar a kwamfutarka, ka danna nan, rufe shafin. Babu shafin intanet da zai iya binciken hadis ɗinka daga nesa. Idan saƙon ya ci gaba da fitowa a gefen dama na allo ko da ka rufe shafin, to ka taɓa ba wani shafi izinin turo sanarwa ne. Shiga saitin Chrome ko Edge, wajen Notifications, ka cire shi. Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne antibairos na biya da aka yi wa kirak. Wanda ba ka sani ba ya buɗe manhajar da za ta riƙe makullin kwamfutarka, ya sauya cikinta, ya raba kyauta. Gara na kyauta na halal sau dubu.

Idan ka yanke shawarar sa wani, ga yadda za ka bi. Sauke sabon ka ajiye. Cire tsohon ta Settings, wajen Apps, kuma idan McAfee ne ko Norton ko Avast, kowannensu yana da manhajar cirewa ta musamman a shafinsa, wadda ke kwashe ragowar da cirewar yau da kullum ke bari. Kashe kwamfutar ka kunna. Sa sabon, ka bar shi ya sabunta har ya gama, sannan ka yi cikakken bincike, Full scan, a lokacin da akwai wuta ko caji, domin a tsohon hadis yakan ɗauki sa'o'i. Defender ba sai ka taɓa shi ba: da zarar ya ga an sa wani, da kansa yake ja da baya, idan ka cire wancan kuma ya dawo. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyu masu gadi kowane lokaci, misali Avast da Bitdefender tare. Kowannensu yana son ya riga ɗan'uwansa taɓa fayil, sai kwamfuta ta yi nauyi, ta riƙa sandarewa, wani lokaci ɗaya ya kama ɗayan a matsayin bairos.

Don ka tabbata yana aiki, nemi fayil ɗin gwaji na EICAR a shafin ƙungiyar mai wannan suna. Ɗan rubutu ne mai haruffa 68, ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibairos sun amince su riƙa kama shi kamar bairos na gaske. Idan ka yi ƙoƙarin sauke shi aka tare, to mai gadinka a farke yake.

Akwai mataimaka da ba sa faɗa da babban antibairos, domin sai an kira su suke aiki. Malwarebytes na kyauta yana da kyau wajen kwashe manhajojin talla da waɗanda ke sauya maka shafin farko na burauza. Yana farawa da gwajin na biya na 'yan kwanaki, bayan nan ya koma mai bincike idan ka umarce shi. VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, shafi ne da za ka ɗora fayil guda injina kusan 70 su duba shi. Amma fayil ɗin da ka ɗora yana zama a wajensu kuma masu bincike na iya ganinsa, don haka kada ka ɗora takardun banki ko na sirri. Sai Smadav, daga Indonesiya, wanda kusan kowace bizines senta ke da shi. Masu shi da kansu sun ce kariya ce ta biyu, an yi shi ya zauna tare da wani antibairos, kuma ƙarfinsa a filash yake. Ba laifi ka bar shi idan kana so. Kuskuren shi ne a ɗauka ya isa shi kaɗai.

Filash ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ta nan cutar ta fi shigo mana. Ka kai aiki a buga maka, ka dawo gida, ka buɗe filash sai ka ga foldojinka duk sun koma shatkat, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, girmansa bai fi kilobait ɗaya ko biyu ba. Fayilolinka ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Tarkon yana cikin shatkat ɗin: idan ka danna, zai buɗe maka foldar kamar ba komai, amma a bayan fage ya tayar da bairos ɗin ya shiga kwamfutarka, daga nan duk filash ɗin da aka soka ya kamu. Don haka kada ka danna ko ɗaya, kuma kada ka yi saurin fomatin. Danna filash ɗin da maɓallin dama na maus, ka zaɓi a bincike shi da antibairos. Bayan an goge abin da aka kama, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai ka danna Enter. Harafin E ka musanya shi da harafin da kwamfutarka ta ba filash ɗin. Foldojin za su bayyana. Kwashe abin da ka sani naka ne, goge shatkat ɗin da duk fayil mai ƙarewa da vbs ko exe da ba kai ka sa ba, sannan ka yi wa filash ɗin fomatin. Nan gaba, idan da hali, tura aikin ta imel ko WhatsApp a matsayin PDF, ka bar filash a gida.

Ƙofa ta biyu ita ce manhajojin kirak, kuma a nan babu antibairos da zai cece ka, domin umarnin farko da ke zuwa da su shi ne ka kashe antibairos kafin ka sa. Akwai wani dangin bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya yaɗu sosai ta wannan hanya, cikin kirak na Office da Photoshop da wasanni. Yana kulle hotuna da takardu, ya maƙala wa sunan kowanne wasu haruffa huɗu, ya bar wasiƙa mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya dala 980 ne, ko 490 idan aka tuntuɓi masu shi cikin awa 72. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗewa kyauta a 2019, amma ba ta aiki a kan kowane nau'i, kuma mutane da yawa hotunan aurensu da aikin digirinsu sun tafi ke nan. Wanda abin ya same shi ya duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa da wasu kamfanoni a 2016, kafin ya yi tunanin biya. Wanda bai same shi ba kuma ya yi abu biyu. Ya kunna Controlled folder access, yana cikin Windows Security wajen Ransomware protection, a kashe yake zuwa. Zai hana manhajar da ba a amince da ita ba sauya abin da ke cikin Documents da Pictures, ko da yake za ka riƙa ba wasu manhajojinka izini da hannu. Sannan ya ajiye kwafin fayilolinsa a hadis na waje da ake cirewa bayan an gama kwafa, domin wanda aka bari a soke shi ma za a kulle shi. Don rubutu da lissafi kuwa, LibreOffice kyauta ne kuma na halal, yana buɗe fayilolin Word da Excel.

Tsadar data takan sa mutane su saita haɗin intanet ɗinsu a matsayin Metered, ko su dakatar da Windows Update gaba ɗaya. Na fahimci dalilin. Amma sabuntawar antibairos ta yau da kullum ƙarama ce idan ba a bar ta ta taru ba. Duk lokacin da ka haɗa da wayarka, shiga Protection updates ka danna Check for updates, ko da sau biyu ne a mako. Kwamfutar ofis ko makaranta da ba ta hawa intanet sam, ita ma akwai hanya: Microsoft yana ajiye cikakkiyar sabuntawar Defender a fayil guda mai suna mpam-fe.exe a shafinsa. Sauke ta a wata kwamfuta mai lafiya, ka kai a filash mai tsabta, ka danna ta sau biyu. Ta haura megabait 100, don haka a sauke sau ɗaya a zagaya da ita duk kwamfutocin wurin.

Idan ka ga alamun wani abu ya riga ya shige ya ƙi fita, a cikin Scan options akwai Microsoft Defender Offline scan. Zai kashe kwamfutar ya yi binciken kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos ɗin bai samu damar ɓuya ba. Yakan ɗauki kimanin minti 15.

Saura maganar shekarun Windows ɗin kanta. Antibairos ba ya toshe ramin da ke jikin Windows, sabuntawar Microsoft ce ke yin haka. Bairos ɗin WannaCry, wanda ya afka wa ƙasashe sama da 150 a Mayu 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ya bi ta wani rami ne da aka fitar da gyaransa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ya ci. Windows 7 ta daina samun irin wannan gyara tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya daina sabunta mata a farkon 2023, don haka kwamfuta mai Windows 7 kada a shiga banki ko imel da ita, ko wane antibairos ke kanta. Tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, tare da shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Duba ko na'urarka za ta ɗauki Windows 11, wadda ke buƙatar TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta gaya maka cikin minti ɗaya. Idan ba za ta ɗauka ba kuma babu kuɗin sauyawa, Linux Mint kyauta ce, tana tafiya lafiya a tsofaffin laftof, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma mai gyaran da ya iya sa Windows daga filash zai iya sa ta ita ma.